Gwafar Bindiga

Litinin, 13 ga Janairu, Wurno

Ɗinya ta sake sauka a fadama da asuba, ta tattake irin shinkafa. Na ɗaga bindiga, hannun hagu na rawa. Ban harba ba. Sanyin hunturu ne ko shekaru, Allah masani.

Laraba, 15

Na saro gwafar geza a bakin gulbin Rima. Da na ɗora bindiga sai ta lanƙwashe. Geza sai kwando. Marke nake so, busasshe, amma marke mai kyau yana wajen dajin Gundumi, kuma yau ba mai shiga Gundumi don sanda. 'Yan bindiga sun raba mu da dajin da iyayenmu suka yi farauta.

Alhamis, 16

Ba komai. Hazo. Jira.

Asabar, 18, Rabah

Ta'aziyya ta kawo ni garin haihuwar Sardauna. A bayan ɗakin ƙanena na ga tsohuwar gwafar rumfa, marke ce, gara ba ta taɓa ta ba. Ya ce, "Yaya, ɗauka, me za ka yi da ita?" Na ce zan ara wa hannuna ƙarfi. Mun kamo hanya tun kafin la'asar, ba mai son dare ya same shi a kanta.

Lahadi, 19

Aiki tun hantsi. Na rage tsawonta daidai ƙirjina in na durƙusa. Na fiƙe gindin don ya shiga laka. Bakin gwafar na naɗe shi da tsumma, na bi da robar tayar keke, kada ƙarfe ya zame ko ya yi ƙara. Ƙaramin buhu na ƙaiƙayin shinkafa don gwiwar hannu. Na gwada da yashi, nauyi ya yi yawa. Raina fari.

Talata, 21

Sai da na sanar da mai unguwa kafin gwaji, shi kuma ya gaya wa 'yan sintiri. A wannan zamani ƙarar bindiga ɗaya na iya tayar da ƙauye, mata su goyi yara su yi daji. Na jingina murfin garwa jikin suri, bayansa ba kowa. Bakin bindiga ya tsaya cak. Harbin ya ɗan yi sama. Gwafar na tsalle in albarushi ya tashi.

Laraba, 22

Na ƙara mata sanda biyu, ƙafa uku ke nan, kamar murhu. Ta zauna. Albarushi ya yi tsada, ba na ƙara gwaji.

Juma'a, 24

Bayan masallaci na ziyarci hubbaren Sarkin Musulmi Bello. Tun 1837 yake kwance a garin nan da ya yi ribaɗi. Na roƙa mana zaman lafiya. Hirar mutane duk a kan ruwa: yaushe za a ƙara sako shi daga madatsar Goronyo. In ruwa ya yi ƙasa, ɗinya ma tafiya za ta yi, shinkafar kuma ta bi ta.

Asabar, 25

Na kafa gwafa tun duhu. Motsi a cikin ciyawa, na sa ido, yatsa nesa da kunama. Da gari ya waye, yaro ne da jakinsa, ya zo ɗiban tafarnuwa. Alhamdu lillahi. Gwafa ta gyara saiti, amma tantance abin da ke gaba aikin maharbi ne. Ɗinya ba ta zo ba. Gobe zan koma.