Kyautar da Aka Kulle a Kabad

Ɗana, tunda an danƙa maka makullin ɗakin zane-zanen jami'a, zauna ka ji abin da shekaru suka koya mini.

A wata kwaleji da na koyar, wani dattijo ya ba mu kyautar zanen ɗab'i, irin wanda ake sassaƙawa a kan katako ko farantin jan ƙarfe, a shafa tawada, a danna a takarda. Don tsoron kada ɗalibai su ɓata su, muka kulle su a kabad. Bayan damina uku muka buɗe, sai ga gara ta ci gefe, laima ta yi musu tabo. Ko ɗalibi ɗaya bai ƙaru da su ba. Har gobe abin yana ci mini rai, domin amana muka tozarta.

Mai kyauta so yake a yi karatu da abinsa. Da wannan niyya Yemisi Shyllon ya ba Jami'ar Pan-Atlantic ta Legas ayyukan fasaha 1,000, aka buɗe gidan adana su a 2019. Kai ma ka fito da na hannunka.

Gani ya kori ji. Ɗora takarda ɗaya a tebur, ka ba ɗalibi madubin ƙara girma. Zai ga shatin da bakin faranti ya bari a jikin takarda, ya ga tawada ta yi tudu a kan layi, ya gano inda hannun mai sassaƙa ya danna da inda ya sassauta. Hoton waya ba ya nuna wannan. In kana da aikin Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi karatu a Zariya, ka kira ɗaliban tarihi da na adabi su ma, domin tatsuniyoyin Urhobo suna cikinsa.

Amma da sharaɗi. A wanke hannu kafin a taɓa. Fensir kaɗai zai shiga ɗakin, ban da biro. Kada takarda ta daɗe a haske, don koɗewa take yi. Ka rubuta sunan mai zanen, da shekara, da wanda ya bayar, saboda mai bincike na gaba.

Ranar da za ka miƙa makullin, ka tabbata rajistar masu zuwa ta cika, takardun kuma suna nan lafiya. Allah ya taya ka riƙo.