Rufin Asiri a Zamanin Kirifto: Yadda Lamarin Yake Daga Zuru

Bahaushe ya cusa ma'ana biyu cikin furuci guda. Idan ya ce wane yana da rufin asiri, yana nufin mutumin na da abin da zai ciyar da iyalinsa ba tare da ya miƙa wa kowa hannu ba. Amma kalmomin su kansu magana suke yi a kan ɓoyewa. A wurinmu mutunci yana tattare da kada a san iyakar abin da ke aljihunka, ko mai yawa ne ko kaɗan. Shi ya sa muhawarar da ake tafkawa a Amurka da Turai kan sirrin dukiya, da ko gwamnati na da ikon leƙa kowace ma'amala, ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Inda muka rabu da su shi ne amsar tambaya guda: daga wa ake ɓoyewa?

Masu kishin kuɗin kirifto na can suna da amsa ɗaya tak, wato gwamnati. Mu da muka tashi a ƙasar Zuru muna da uku: maƙwabci, ɗan bindiga, sannan gwamnati. Duk maganar da ba ta lissafa ukun tare ba, ba ta taɓa rayuwarmu ba.

Masarautar Zuru tana kudancin jihar Kebbi, da ƙananan hukumomi huɗu: Zuru, Fakai, Sakaba da Danko-Wasagu. Tana iyaka da Zamfara da Neja, kuma an san ta da noma da aikin soja. A watan Maris na 2022 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, suka kashe sama da 60. A watan Nuwamba na 2025 suka shiga makarantar 'yan mata ta Maga, suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka tafi da ɗalibai sama da 20. Waɗannan su ne suka kai ga jaridu. Abin da ba ya kaiwa shi ne ɗauki-ɗai-ɗai na kullum, wanda kusan kowane lokaci yakan fara da labarin kuɗi. Mutum ya sayar da bijimai biyu a kasuwar Bena, labari ya riga shi isa gida. Tsohon soja ya karɓi kuɗin sallamarsa, kafin mako ya zagayo an san adadin. Da ɗan gari kan ci gari, kuma mai kai rahoto daji ba ya zuwa da alama a goshi.

Mahaifiyata ta yi shekaru tana sayen hatsi lokacin kaka ta ajiye zuwa bazara. Tun muna yara ba ta taɓa ƙirga kuɗi ƙofa a buɗe ba, kuma a lokacin kunya ce da gudun bakin mutane. Yanzu wana da ya gaji sana'ar yakan raba buhunansa ɗakuna uku a unguwanni daban-daban, ya gyara cikin gidansa tsaf amma ya bar katangar waje ba shafe. Abin da a da tarbiyya ce, yau ya koma dabarar tsira da rai.

Idon gwamnati kuwa ya daɗe a kan kuɗinmu. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, kuma wuri ba shi da gwamnan banki; babu wanda zai wayi gari ya ce daga gobe ya daina aiki. Turawan mulkin mallaka suka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, suka matsa a riƙa biyan haraji da sulallansu, har wuri ya koma kayan ado da na bokaye. Tun daga nan darajar abin da ke cikin tukunyar talaka ta rataya a kan sanarwar hukuma. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta sauya launin takardun naira, ta rufe iyakoki, ta ba da 'yan kwanaki a canza. A ranar 26 ga Oktoba, 2022, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1,000. Cikin dalilan da aka bayar har da toshe hanyar biyan kuɗin fansa.

Wannan dalili, da ya yi aiki, mu ne za mu fi kowa cin moriyarsa. Sai dai abin da aka gani a kasuwannin ƙauye a farkon 2023 daban ne. Tsofaffin takardu an kwashe, sababbi ba su iso ba, ana sayen naira da naira a hannun masu POS, manomi yana karyar da farashin masararsa ga duk wanda ya zo da tsaba. Satar mutane kuma ba ta tsaya ba. Sai da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka shigar da ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 3 ga Maris, 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun. Darasin da matasa suka ɗauka a sarari yake: kuɗin da ke ƙarƙashin matashinka ma yana iya mutuwa da sa hannun mutum guda a Abuja. Da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 cikin watanni takwas, sai darasin ya ƙara kafuwa.

A kan wannan ƙasa kirifto ya tsiro. Bitcoin, wanda ya fara aiki a watan Janairu na 2009, an tsara shi ne yadda babu banki a tsakiya. Dubban kwamfutoci a faɗin duniya ke riƙe da kundin lissafi iri ɗaya, adadinsa ba zai wuce miliyan 21 ba, kuma wanda ke riƙe da mabuɗin sirri na lalita shi kaɗai ke iya motsa abin da ke ciki. Amma yawancin matasan da na sani a Zuru ba falsafar Bitcoin ce ta ja su ba. Wasu sun shigo ta hanyar latsa waya a Pi ko Hamster Kombat, suna jiran ranar fashewa. Masu natsuwa daga cikinsu USDT suke saye, wanda aka ɗaure farashinsa da dala, domin albashin watan Janairu ya kai Yuni da ƙarfinsa. Malamin makaranta da ya yi haka ba tawaye yake yi wa kowa ba; rumbu ya nema wanda gara ba ta ci.

Tambayar ita ce ko wannan rumbu yana rufa asiri kamar yadda ake tallata shi. Amsar ta danganta da wane ido ake gudu.

Daga idon maƙwabci, yana rufawa ƙwarai. Babu buhu, babu layin banki, babu dillalin da ya shaida ciniki. Kalmomi 12 da mutum ya haddace suna iya riƙe abin da ya fi garken shanu, kuma ba a ƙona su tare da rumbu idan an kai hari.

Daga ɗan bindiga, kariyar ba ta wuce ranar da ya gane akwai abu a wayar ba. Bakin bindiga yana buɗe kowace lalita, kuma abin da aka tura ya tafi ke nan, babu manajan da za a kai wa kuka. Sa'ar da ake da ita zuwa yanzu ita ce, bisa abin da iyalan da suka biya fansa ke faɗi, mutanen daji tsabar kuɗi suke nema, da babura, da katin waya, da kayan abinci.

Daga gwamnati kuwa, nan ne tallar ta fi nisa da gaskiya. Kundin Bitcoin a buɗe yake ga kowa har abada. Suna ne kawai babu, lamba ce a madadinsa. Ranar da aka haɗa lambar da sunanka, duk tarihin cinikinka ya bayyana. Haɗawar kuma ba ta da wuya, domin manyan dandalin ciniki suna karɓar katin shaida da hoton fuska, kuma duk cinikin da ya ƙare da naira yana sauka ne a asusun banki mai BVN. Kamfanin Tether da ke fitar da USDT yana iya daskarar da lalita, kuma yana yi idan hukumomi suka nema. A watan Fabrairu na 2024 aka tsare jami'an Binance biyu a Abuja, Tigran Gambaryan da Nadeem Anjarwalla, bayan gwamnan Babban Banki Olayemi Cardoso ya ce dala biliyan 26 sun bi ta dandalin a Najeriya cikin shekara guda. A watan Maris kotun tarayya ta umarci kamfanin ya miƙa wa EFCC bayanan 'yan Najeriya masu ciniki a kansa. Duk wanda ya ɗauka ya ɓuya, ashe a tsakar kasuwa yake tsaye. Takardar naira 1,000 da ta wuce daga hannu zuwa hannu a kasuwar Ribah ta fi Bitcoin sirri nesa ba kusa ba.

Wani ɗan ƙanwata ya ɗanɗana wannan. Ya sayar wa wani da bai taɓa gani ba USDT, kuɗin suka shigo asusunsa, bayan 'yan kwanaki aka rufe asusun saboda an ce kuɗin sun fito daga wata damfara da ake bincike. Ba a kira shi ba, ba a gaya masa ranar buɗewa ba. Kuɗin makarantarsa na ciki. Ya yi watanni yana zirga-zirga kafin a sake shi. Da na tambaye shi ko ya haƙura da harkar, sai ya ce, "Kawu, in na bari, wa zai biya ni abin da naira ke cinyewa?" Ban ga laifin binciken ba, domin akwai wanda aka cuta a ɗaya ƙarshen. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda za a hukunta mutum kafin a ji ta bakinsa.

Masu ƙin kowane irin sa ido suna da hujja mai ƙarfi, kuma daga gida suka samo ta. Lokacin zanga-zangar EndSARS a watan Oktoba na 2020, da hanyoyin banki suka toshe wa masu tara gudunmawa, sai suka koma Bitcoin. A watan Nuwamba Babban Banki ya samu umarnin kotu na rufe asusu 20 na masu alaƙa da zanga-zangar. Ranar 5 ga Fabrairu, 2021 ya hana bankuna hulɗa da masu kirifto. A watan Oktoban shekarar aka ƙaddamar da eNaira, kuɗin intanet na gwamnati, wanda jama'a ba su rungume shi ba. A watan Disamba na 2023 aka janye haramcin, bayan watanni biyu aka dira kan Binance, a watan Maris na 2025 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar zuba jari da ta amince da kadarorin intanet, ta sa su ƙarƙashin hukumar kula da hannayen jari, SEC. Wanda ya ga an hana, an halatta, an kama, an sake halattawa cikin shekaru huɗu, ba za a zarge shi ba idan ya ƙi sakin jiki.

Sai dai hujjar tana da iyaka. MMM ya rufe da kuɗin mutane a watan Disamba na 2016. CBEX, wanda ya yi alƙawarin ninka jari cikin wata guda da sunan cinikin kirifto, ya ruguje a watan Afrilu na 2025. Waɗanda suka yi asara ba su kai kukansu ga kundin lissafi na intanet ba. Ofishin EFCC da na 'yan sanda suka nufa. Mu kuma mutanen Zuru mun fi kowa sanin yadda wuri ke kasancewa idan hukuma ta janye. Ƙauyukan da ake ɗora wa harajin noma da na girbi daga daji ba su da mai sa musu ido daga Abuja, kuma babu mai kiran halin da suke ciki 'yanci. Ana gudun gara, a kula kada a faɗa gidan zago.

Don haka ni layin da nake ja yana tsakanin mai riƙe kuɗin mutane da mai riƙe nasa. Duk kamfanin da ya karɓi ajiyar jama'a, a yi masa rajista, a binciki littattafansa, a san gidan da za a same shi idan ya gudu. Amma ɗan ƙasa da ke ajiye guminsa yana da kariyar sashe na 37 na tsarin mulkin 1999, da dokar kare bayanai ta 2023. Kada a rufe asusunsa sai da umarnin kotu mai wa'adi, a sanar da shi, a ba shi damar kare kansa cikin kwanaki. Kada a sake taɓa tsabar kuɗi sai an tabbatar akwai sabis da lantarki da banki a inda ake son mutane su bar ta.

Akwai kuma abin da masu tsara doka a Abuja ba su cika hangowa ba. Kowane bayani da aka tara, daga BVN zuwa NIN zuwa rajistar mai POS, yana bi ta hannun mutane masu ƙaramin albashi da 'yan uwa da abokai. A Legas, idan bayanin asusunka ya yoyo, saƙon 'yan damfara za ka gani a waya. A Danko-Wasagu babura ne za su tsaya a ƙofar gidanka da tsakar dare. Gwamnatin da ke son sanin abin da muka mallaka ta ɗauki amanar da nauyinta ya kai na rai, kuma ya kamata hukuncin wanda ya fitar da irin wannan bayani ya yi daidai da nauyin.

Masu karanta wannan wasiƙa da yawa lauyoyi ne, da ma'aikatan banki, da akantoci, da jami'an gwamnati. Fayil ɗin da ke kan teburinku, mai ɗauke da sunan wani manomi da adadin abin da ya shigo masa bayan kaka, a wurinku aikin yini ne. Kafin ku bar shi a buɗe ku tafi cin abinci, ku tuna hanyar da mai sunan zai bi ya koma gida.