Rumbun Baffa

A gidanmu da ke unguwar Hubbare, inda ba ka rasa jin hayaniyar masu ziyarar kabarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, akwai wani ɗaki da muka daɗe ba mu buɗe ba. A cikinsa ne Baffana, Allah ya jiƙansa, ya bar tsohuwar kwamfutarsa, irin mai allo kamar tukunya, wadda ya saya ta hannu a 1996. Shekara bakwai ya yi yana zaga tsofaffin unguwa yana ɗaukar labarinsu, da dare ya zauna ya buga. Ya rasu a 2003 littafin bai fita ba, su ma tsofaffin duk sun bi shi.

Bara waccan Inna ta kira ni ta ce masu sayen tsofaffin ƙarafa sun taya akwatin. Sa'annan ta dube ni ta ce, "Kai da ka yi boko, duba muna. Aikin Malam shina nan ciki, ko ya tahi?"

Ni malamin Hausa ne a sakandare, alli na sani. Don haka na nemi wani tsohon ɗalibina mai gyaran kwamfuta, wanda a aji bai taɓa kawo mini aikin gida a kan lokaci ba, amma ranar nan shi ne malam. Da na miƙa hannu zan kunna ta sai ya tare ni. "A'a Malam, kada ka taɓa. Mu fara kwafe rumbun gaba ɗaya, in za mu yi ɓarna mu yi ta a kan kwafi." Ya zare rumbun, ya haɗa da tasa kwamfutar. Da muka leƙa sai gabana ya faɗi, domin babu littafi babu dalilinsa, sai 'yan tarkace da wani ƙaton ɓoyayyen fayil guda mai suna DRVSPACE.000.

Ashe a wancan zamani rumbu tsada gare shi, kuma bai da ciki. Shi ya sa a 1993 kamfanin Microsoft ya sa wata dabara mai suna DoubleSpace a cikin MS-DOS 6.0, wadda ke matse bayanai har rumbu ya ɗauki kusan ninkin abin da aka yi shi dominsa. Kamfanin Stac Electronics ya kai ƙara cewa fasaharsa aka ɗauka, a 1994 kotu a Amurka ta ba shi dala miliyan 120, sai aka sake dabarar aka kira ta DriveSpace a MS-DOS 6.22. Ita Baffa ya yi amfani da ita. Abin da take yi shi ne ta tattara duk abin da mutum ya mallaka ta ɗura a buhu guda, ta ɗinke baki. Kwamfutocin yau ba su san yadda ake kwance wannan ɗinki ba, sai da yaron ya tayar da tsohon DOS a cikin sabuwar na'urarsa.

Buhun ya ƙi buɗuwa. Inna ta tuna cewa a kwanakinsa na ƙarshe an ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, daga nan ya daina kunna ta, bai gaya wa kowa dalili ba.

Nan muka kira ScanDisk, ɗan duban da ya fara zuwa da MS-DOS 6.2. Sai ya gama duba ainihin rumbun kafin ya shiga buhun. Ya daɗe yana lalube, sa'annan ya ce ya tarar da guntaye waɗanda ba su da uba: a share ko a adana? Ɗalibina ya ce yawancin masu gyara sharewa suke yi don a sami wuri. Muka ce a adana. Sai ga su sun jeru, FILE0000.CHK, FILE0001.CHK, har guda arba'in da ɗaya.

Daga nan aikin ya dawo hannuna. Duk wanda ya taɓa buɗe gafakar malaman Sakkwato, ko ya ga rubuce-rubucen da ke Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu, ya san ba a ɗinke warƙoƙi. Mai kwafi yakan rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a gindin shafin da ya gama, ta yadda ko iska ta watsa littafi, almajiri zai tsince shi ya jera. Kwamfuta ba ta yi wa Baffa wannan alheri ba. A wuri guda ta ajiye jadawalin abin da ke bin wani, can kuma ɓarnar ta faɗa. Sati uku na yi, bayan na gama duba takardun ɗalibai, ina neman jimlar da ta yanke a wannan guntu in ga inda ta ci gaba a wancan. Abin da ya taimake ni shi ne na san bakin Baffa. Na san ba ya cewa "amma" sai "amma fa", kuma da yake na'urarsa ba ta da ƙ da ɗ da ɓ, waƙafin sama yake sa musu.

Na sami babi goma sha ɗaya daga cikin goma sha biyu cif. A na tara ne aka yi asara. DriveSpace tana matse rubutu ne dunƙule-dunƙule, kowane kilobayit 8, wato shafi uku zuwa huɗu, in kuwa tsakiyar dunƙule ya lalace, abin da ya biyo baya ya zama shirme. Babin hirarsa ce da kakarmu, tana ba da labarin yadda aka kawo ta Hubbare amarya. Ta kai inda ta ce, "Da muka iso ƙofar gari sai mahaifina ya", shi ke nan, sai baƙaƙen alamu.

Wani abokina marubuci ya ce in cike gurbin, tunda na san yadda take magana, ba mai ganewa. Har na gwada, na rubuta shafi biyu masu daɗi, kuma daɗin nasu ne ya tsorata ni. Na yage su.

Na buga littafin a takarda, kwafi uku, na bar shafi huɗu farare a babi na tara. Da na kai wa Inna nata, ta jujjuya har ta iso wurin, ta shafa farar takardar ta ce, "Nan mi ya hwaru?" Na gaya mata. Ta yi shiru, can ta ce ta san labarin, tsohuwa ta sha ba ta shi suna sussukar gero, amma sai bayan la'asar, in zo da biro.