Burtalin da na gani a duwatsun Seben

 A lakwal mun haddace sunayen duwatsun Faransa don cin jarrabawa kawai, ban taɓa kawo wa raina akwai makiyaya cikinsu ba. Sai da horon aikin radiyo ya kai ni Monpeliye, wani abokin aiki ya ɗauke ni a mota ranar wata Lahadi ta watan Yuni, muka hau duwatsun Seben har kusa da tsaunin Egwal, mai tsawon mita 1567.

A can muka ci karo da garken tumaki, kowace da ƙararrawa a wuya, wasu an yi musu ado da tuntun ulu ja. Daga kwari suka taso, inda ciyawa ta bushe, za su yi watannin zafi bisa tudu, sai sanyi ya kama su sauko. Hanyar da suke bi, "dirayi" suke ce mata. Na dube ta, na ce wallahi wannan ai burtali ne! Wani wurin ma da katangar dutse dama da hagu, ba mai gonar da ya isa ya ci ko taƙi ɗaya. Nan take na tuna sau nawa na karanta labarin rikicin manomi da makiyayi a gidan radiyo, kan burtalin da gona ta cinye.

A 2011 UNESCO ta sa yankin Kos da Seben cikin kayan gadon duniya saboda wannan kiwon. Tun 1970 kuma akwai gandun ƙasa mai hedkwata a garin Fulorak.

Amma kada ku ce aljanna na gani. Jikin duwatsun duk matakala ne na dutsen da aka jera ba siminti, don tare ƙasa kada ruwa ya kwashe ta. Ɗan Adar da ya ga aikin Keita zai gane su da kallo ɗaya. Da yawa sun zube, daji ya haye su. Itacen shatenye, wanda kakanninsu ke busar da ƴaƴansa da hayaƙi su niƙa gari, har suke kiransa itacen burodi, yanzu kaɗan ake kulawa da shi. Mun ratsa wani ƙauye da rana tsaka, rabin tagogi a rufe.

Makiyayin ya haura shekara 60. Na tambaye shi wa zai gaji sandarsa, ya yi dariya ya ce ɗansa na aikin banki a birni. Ya yi wa karensa fito, garken ya ci gaba da hawa.