Gurbin da Ke Jikin Dutse

Murhun iyayenmu na da bai san awo ba. Duwatsu uku ne: in tukunya babba ce a ja su baya, in ƙarama ce a matso da su. Murhun zamani ya juya wannan al'ada. Yanzu dutsen ne kafaffe, an shimfiɗa shi a kan kantar ɗakin girki, an yanke masa gurbi a tsakiya, murhu kuma dole ya zo daidai da gurbin, ko ya rasa mazauni.

A gidanmu na Kano, mahaifina ne ya sa aka shimfiɗa baƙin dutsen giranit fiye da shekara 20 da suka wuce. Murhun gas ɗin da ya zauna a cikinsa ƙirar Amurka ne, ya saye shi daga hannun wani malami da ya gama aiki zai koma ƙasarsu. Amurkawa da inci suke awo, nasa mai inci 30 ne, wato santimita 76 da ɗoriya. Da tsatsa ta cinye kawunansa, bayan rasuwar mahaifin namu, na ɗaga shi na auna ramin da ke ƙasa, domin faɗin fuskar murhu dabam, faɗin gurbinsa dabam. Na samu santimita 72 a tsawo, 50 a faɗi.

Da wannan awo na zaga kasuwar Sabon Gari. Abin da na tarar duk awon Turai ne. Mai santimita 60 galibi gurbin 56 da 49 yake bukata, a namu sai ya zurma ciki. Mai santimita 90 kuwa yana neman fiye da 80. Ɗaya ya yi kaɗan, ɗaya ya yi yawa.

Yayana ya ce a sayi babban a faɗaɗa ramin, ai gida ne mai taro. Muka kira mai aikin dutse, dattijo marar yawan magana. Ya jiƙa tsumma ya goge kusurwar gaba ta dama, ya jira. Da dutsen ya bushe, sai ga wani siririn layi kamar gashi ya rage da danshi.

"Hajiya, tsaga ce," in ji shi ga mahaifiyarmu. "Ba zan ce ba ya yankuwa ba. Amma ba zan ɗaukar miki alkawari ba."

Ya yi mana bayani dalla-dalla. Giranit yana jure nauyi da zafi, amma ba ya tanƙwaruwa, karyewa yake yi. Rauninsa yana siririn bakin da ya rage tsakanin rami da gefen kanta, da kuma kusurwa mai kaifi, shi ya sa gwanaye ke ɗan kewaye kusurwar in suna yanka. Injin yankan, mai faifan lu'ulu'u, girgizarsa kaɗai ta isa ta ja tsagar har bakin kanta. Sannan akwai ƙura: in ba a yanka ana zuba ruwa ba, garin dutsen yana shiga huhu ya zauna, ciwon da ba ya warkewa.

Umma ta saurara har ya gama. Ta ɗora tafinta a kan dutsen, inda ta shekara tana murza fulawa.

"Malam, abin da aka yanke ana mayar da shi?"

"Ba a mayarwa, Hajiya."

"To kada garin neman gira mu rasa ido. A bar shi yadda mai gidan ya bar shi."

Yayana bai ji daɗi ba, kuma yana da hujja: ƙaramin murhu ba ya ɗaukar tukunyar sallah. Ni ma na san haka. Sai dai na lura cewa Umma ba murhu take karewa ba. Kujerunsa an raba, motarsa an sayar, tufafinsa an bayar sadaka. Dutsen nan ne kaɗai aikin hannunsa da take taɓawa sau uku a yini.

Aka koma ga cike gurbi. Mai walda ya ƙera firam na ƙarfe marar tsatsa mai kauri, ya hau kan dutsen ta kowane gefe, ya rufe santimita 8 a dama da 8 a hagu, aka tokare shi da sanduna biyu daga ƙasa don kada nauyin tukunya ya lotsa shi. Aka liƙe gefensa da danƙo mai jure zafi saboda ruwa. Mai haɗa gas ya tabbatar da ƙananan bakunan da iska ke fitowa na tukunyar gas ne, ya sa sabon tiyo ba lanƙwasa, ya shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa yana duban ko za ta tashi. Ya kuma huda ƙasan kabad, domin iskar gas ta fi iskar shaƙa nauyi, in ta yi yoyo ƙasa take taruwa.

Wanda ya shigo yau zai gane an yi faci, farin ƙarfe a kan baƙin dutse ba ya ɓuya. Umma ta mayar da gefen dama wurin ajiye ludayi. Girkin sallah kuwa ya koma tsakar gida, a kan itace, jikoki na ɗauko mata ruwa.