Ramin Da Ya Zama Lambu

Yau labarin wani lambu na kawo muku daga bakin teku, domin ya shafe mu nan Dundaye.

Kowacenku ta san Kalambaina, inda ake haƙar farin dutse ana yin siminti tun 1967. To, duk inda aka yi irin wannan haƙa, ko ta dutse ko ta kwal, in an gama rami kan rage. Da rani ƙura, da damina ruwa ya kwanta, uwa ba ta da kwanciyar rai in ɗanta ya bi ta wurin. Amma wasu ƙasashe sun gyara nasu. A garin Gelsenkirchen na Jamus an rufe mahaƙar kwal ta Nordstern a 1993, zuwa 1997 ta zama wurin shan iska mai itatuwa da furanni.

Wanda ya fi kama da namu kuwa yana Mombasa ta ƙasar Kenya, inda kamfanin siminti na Bamburi ya bar ramuka, dutse ne tsurarsa, ko ciyawa ba ta fitowa. A 1971 wani masanin aikin gona mutumin Suwizalan, René Haller, ya dasa iri 26 na itace a ciki. Uku kaɗai suka rayu. Ɗaya shi ne kasuwarina, mai ganye siriri kamar allura. Ganyen yakan zuba ya ƙi ruɓewa, sai malamin ya lura ƙadandoniya tana cinsa. Ya sa aka tattaro ta da yawa aka zuba. Kashinta ne ya zama baƙar ƙasa mai taki, har sauran itatuwa suka sami wurin kafa saiwa.

Yanzu ana kiran wurin Haller Park. Mai ziyara yakan bi hanya cikin inuwa, ya ga dorina a tafki, da kada, da manyan kunkuru, har ya miƙa wa raƙumin dawa abinci da hannunsa. Ku duba fa, ƙwaron da muke sharewa da tsintsiya shi ya yi wannan aiki!

Lalle Mombasa ta fi mu ruwan sama, saboda haka ba itacensu za mu nema ba. Muna da namu masu jure fari, watau bagaruwa da aduwa da magarya da dogonyaro. Taki kuwa yana hannunmu mata, ga kashin awaki, ga toka, ga sharar tsakar gida.

Ku 'yan makaranta, ku roƙi malamarku ku yi renon iri a tsofaffin gwangwanaye kafin damina. Ku kuma iyaye, ku yi wa masu gida magana su kai batun gaban hakimi, domin duk ramin da aka gama da shi a cike shi a dasa itace. Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.