Idan Mai Kamfani Ya Janye Inshorar Lafiya

Akwai wata al'ada da ke yi wa ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu illa, watau janye inshorar lafiya da zarar kasuwa ta ja baya. Mai injin casar shinkafa a Gashuwa, ko mai makarantar kuɗi a Nguru, sai ya tara ma'aikatansa ya ce daga watan gobe kowa ya ji da kansa, amma za a ɗan ƙara wani abu a kan albashi. Su kuwa sai su yi godiya su watse, suna zaton alheri ne aka yi musu dā, yanzu kuma aka fasa. Alhali kuwa hakkinsu ne aka taɓa.

Dalili shi ne doka ta sake. Dokar inshorar lafiya ta 1999, wadda aka soma aiki da ita a 2005, ta bar wa masu kamfanoni zaɓi. Amma a watan Mayu na 1922 da ɗari, watau 2022, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta kafa hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshora a kan duk mai ma'aikata biyar ko fiye. Bisa tsarin da aka saba, mai kamfani yakan zuba kashi 10 cikin 100 na tushen albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 5, kana a kula da shi, da matarsa, da 'ya'yansa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Wanda ya yanke wa ma'aikaci kasonsa bai kai wa hukuma ba, ya yi laifi a gaban doka. In kuma inshorar tana cikin takardar ɗaukar aiki, janye ta ba da yardar ma'aikaci ba karya yarjejeniya ne, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa kuma na da ikon sauraron ƙarar.

Ta wajen haraji ma ƙarin nan da ake yi wa albashi ba ya cike giɓin. Abin da ma'aikaci ya zuba a inshorar lafiya ta ƙasa ana cire shi tukuna a lissafa masa haraji, dokar haraji ta 2025 ma ta bar wannan sauƙi. To, amma kuɗin da aka ɗora a kan albashi, albashi ne. Muddin abin da mutum ke samu a shekara ya haura Naira 800,000, hukumar haraji za ta ɗebi rabonta a ciki. Ragowar kuwa takan ƙare a cefane tun wata bai yi nisa ba.

Wannan magana ta fi nauyi a ƙasar Bade, inda ciwon ƙoda ya daɗe yana cin rayukan magidanta. Gaskiya ne inshora ba ta ɗauke nauyin wankin ƙoda gaba ɗaya. Amfaninta yana can baya, lokacin da awon jini da na fitsari da maganin hawan jini za su iya tare cutar. Mai katin inshora yakan je asibiti da ƙafarsa tun ciwo yana ƙarami. Wanda aka karɓe wa kati kuwa yakan zauna yana dauriya, sai ƙafafu sun kumbura a ɗauke shi zuwa Asibitin Tarayya na Nguru ko Damaturu, a soma sayar da gona da awaki.

Saboda haka ya kamata ma'aikaci ya adana takardar ɗaukarsa aiki da takardun albashinsa, ya kuma nemi a ba shi sanarwar janyewa a rubuce, sa'an nan ya kai kuka ga ƙungiyar ƙwadago ko ofishin NHIA. Mai kamfanin da kuɗin ya yi wa yawa, gara ya tuntuɓi hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Yobe ya ji tsarinta, da ya bar mutanensa haka nan. Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wanda ya ci gumin ma'aikaci yana da lafiya, bai kamata ya juya masa baya ran da ya kwanta ba. Allah ya sa a gyara, amin.